Wayar Mishmish da Rediyon Baba

Rusaifa, Makka
Ranar Asabar

Yaya Rabi'atu habibti,

Assalamu alaikum. Ya Madina, ya Abu Muhsin da yara? Muhsin ya daina tarin nan? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai zafi. Kin ce saƙon muryata yana kai minti ashirin, to yau ga rubutu, ki yi haƙuri da kurakurai.

Maganar Baba ce. Kin san tun rasuwar Umma ba abin da ke sa shi dariya sai rediyonsa na saman bene, wanda yake hira da mutanen wasu ƙasashe. Musamman Juma'a bayan la'asar, lokacin Baba Nu'uman, amininsa na Chadi, wanda ƙauyensu ko sabis babu. To sati uku ke nan bai ji muryarsa ba. Da ya kunna sai wata ƙara, tak-tak-tak, kamar keken ɗinki. Ya kwance komai ya mayar, ba canji. Har gidan maƙwabcinmu Sa'ud ya je, wai sabon mukayyif ɗinsu na sanyaya ɗaki ne ke jawo ƙarar. Yanzu Basma matar Sa'ud ko saƙona ba ta buɗewa. Jiya Baba ya ce in abin bai gyaru ba zai sauke eriya ya bayar da kayan, wai ƙila ma kunnensa ne ya tsufa. Yaya, in ya bayar, me zai rage masa?

Labari mai daɗi kuma: magena Mishmish ta daina sauka titi! Tun da mota ta taka ɗanta nake cikin fargaba. Sai na ga wani abu a intanet, waya ce doguwa da ɗan akwati na wuta da abin wuya. Da ta matsa kusa da wayar sai abin wuyan ya yi ƙara, ta dawo da baya. Na zagaye saman bene da ita ta bayan tankunan ruwa, da ta rage na nannaɗe sauran a ƙarfen eriyar Baba. Kar ki faɗa masa, kin san ya hana a taɓa masa komai a can.

Ki sumbatar min yara.
Ƙanwarki, Suhaila

Ranar Juma'a

Yaya Rabi'atu,

Sallama da fatan kun yini lafiya, ya jikin surukarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, ni ce. Wallahi ni ce.

Ɗazu na kai wa Baba shayi sama, jawwal ɗina, wato salula, ya kusa mutuwa, sai na zare akwatin Mishmish daga wuta na sa caji. Nan take ƙarar ta ɗauke. Baba ya miƙe har ya ture kofi, ya hau murɗa rediyo. Ni kuwa na hango Mishmish ta nufi bakin katanga, na yi maza na mayar da akwatin. Tak-tak-tak. Ya koma ya zauna, ya cire tabarau yana gogewa.

Na sauko na shiga banɗaki na yi kuka. In na faɗa, zai ce a cire wayar, Mishmish ta koma titi. In na yi shiru, ran Lahadi wani mutum zai zo daga unguwar Zahir ya kwashi kayan rediyon. Ga Sa'ud da aka ɗora wa laifi a banza. Na bincika a intanet, ashe a ƙasashe da yawa masu irin rediyon Baba suna kuka da wannan wayar, ni ko takardar cikin kwalin ban karanta ba, bidiyo kawai na kalla.

Ki yi min addu'a, kar ki yi min faɗa tukuna.
Suhaila

Ranar Asabar, bayan sati

Yaya habibti,

Assalamu alaikum, ina fatan kowa lafiya. Na ga saƙonki, faɗan ma na karɓa.

Na faɗa masa tun waccan Asabar da safe, washegarin ranar da na rubuto miki. Ya fito da ƙaramin rediyonsa na hannu yana zagaya saman bene yana bin ƙarar, sai na tare shi na ɗaga masa wayar daga bayan tanki. Ya bi ta da ido har inda na naɗe ta a eriyarsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe sati huɗu yana neman ɓarawo a unguwa, ɓarawon ke kawo masa shayi. Ya sa na ɗauki farantin dabino na bi shi gidan Sa'ud. Shi ya fara ba da haƙuri, ni na yi bayani da bakina. Basma ta yi dariya har da riƙe ciki, kalas, shi ke nan, mun shirya.

Kwana biyu bai yi min magana ba. Na kulle Mishmish a ɗaki, tana kuka ina kuka. Ran Talata sai ga shi da nadin raga ta ƙarfe, ya ce in riƙe masa tsani. Ya kewaye katangar da ita gaba ɗaya, yanzu ko ɗan tsako ba zai fita ba. Akwatin ya jefa a shara, amma wayar ya auna, ya ce tagulla ce mai kyau, ya yanka ya ɗaure ta a matsayin sabuwar eriya.

Jiya bayan la'asar ya kira ni sama. Muryar Baba Nu'uman ta fito tas, kamar yana zaune a kan tabarmarmu. Ashe da ya ji shiru sati huɗu ya ɗauka Baba ya rasu, har ya sa an yi masa addu'a a masallacinsu. Baba ya ce addu'ar ta iso, ya adana ta sai ranar buƙata. Suka yi ta dariya, Baba na share ido da gefen hula. Rabon da in ji wannan dariyar tun Umma na raye.

Mishmish kuwa ta gano saman rediyon akwai ɗumi, can take kwanciya. Baba ya ce a bar ta, ai da wayarta ake magana.

Ki gaida Abu Muhsin, ki zo mana da na'ana'ar Madina in za ku zo Umra.
Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Suhaila