Muryar Malam a Bakina

Daren Lahadi, ƙarshen damina

Gero ya ƙone a tsaye, bana ma kamar bara. Na tashi da niyyar gaya wa Inna zan tafi kasuwar hatsi ta Dawanau, inda abokina Sabo ya samo mini aikin awo. Kafin in buɗe baki, Baba Ilu, ƙanen mahaifina marigayi Malam, ya yi sallama tare da maƙwabta biyu masu rigimar iyakar gona.

"Hau buzun Malam ka raba su," in ji shi.

"Baba, ni ban iya ba."

"Jininsa ne kai, ka iya."

Na zauna. Sai na ji na yi gyaran murya irin ta marigayi, na ce, "Ku ji tsoron Allah, dukkanmu cikin ƙasar nan za mu kwanta." Maganarsa ce, har da yadda yake jan ƙarshenta. Suka yi musabaha suka tafi.

A kwaleji wani malaminmu ya ce da idon jama'a mutum yake ganin kansa, har ya ɗauka burinsu nasa ne. Dariya na yi a lokacin. Yau ban san abin da ni kaina nake so ba. Wataƙila tafiyar ma don Sabo ya ce ne.

Da la'asar Inna ta fito da babbar rigar Malam tana hawaye. "Ubanku bai mutu ba," ta ce. Na haɗiye maganar tafiyata. Na sa rigar ina fatan ta yi mini yawa, sai ta zauna mini daidai.