Cikina Ne Ya Hana Ƙanena Shan Fura

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah kar a zage ni, na riga na zagi kaina har na gaji.

A Gusau muke. Ƙanena yana da galahanga, ba ya kallon idon mutum, ba ya shiga cikin yara, abincinsa a duniya fura da nono. 'Yar kawunmu ta Tsafe, Yaya, tana bincike a jami'a: tana karɓar bayan gidan yara irinsa, a duba ƙwayoyin halittar da ke hanjinsu, ta zuba bayanan a kwamfuta ta ga ko suna da alaƙa da wahalar cuɗanya da mutane. Ta kawo 'yar kwalba, Inna ta ce aikina ne tunda ni kaɗai yake yarda da ita.

Ranar kuwa muna da biki a Bungudu, na sha lalle, mota na ta oda. Yaro ya ƙi yin bayan gidan. Na roƙa, na yi rawa, saura kaɗan in yi masa waƙar yabo, ko gezau. To wa zai gane? An taɓa rubuta suna a jikin abin? Na shiga na sa nawa, alhali ana gobe bikin na ci ɗanwake da yajin da zai tada tirela.

Makon jiya Yaya ta zo da kwamfutarta, ta nuna mana sakamakon, kowane yaro da ɗigonsa a zane. Ɗigon sauran yara a tare, na ƙanena can gefe shi kaɗai. Ta ce, "Inna, abin mamaki, kamar ba cikinsa ba. Ko furar ce? Amma hasashe ne fa, ba magani ba."

Inna ta ce, "Mi kika ce? Fura?" Sauran bayanin bai shiga kunnenta ba. Tun ranar aka hana shi.

Yanzu sai ya ɗauko ƙoƙonsa ya zauna bakin madafa yana juya ludayi a banza. Ya ƙi tuwo, ya rame. Jiya ya kamo hannuna, shi da ba ya taɓa kowa, ya ɗora a kan ƙoƙon. Wallahi dariyar ta ƙare mini.

In na faɗa, Inna za ta soya ni, kuma har in tsufa dangi ba za su manta da kwalbar nan ba. In na yi shiru, shi ke kwana da yunwa saboda lallena.

Jama'a, ƙoƙon na nan a hannuna. Me zan yi?