Abin da Lalle Ya Rufe

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma wa zan faɗa wa a Guangzhou in ba ke ba?

Inna, na kai Baban Ummi kotu. Raba auren nake nema, kuma kafin a gama shari'ar na roƙi alƙali ya hana shi kusantarmu, ni da takwararki Ummi. Tun da na bar gidan yake bibiyata. Har shagon da nake sarin kaya a kasuwar Shahe ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi. Manyan 'yan kasuwarmu kuma suka tare ni bayan Juma'a a masallacin Huaisheng, wai na tona asirin Musulmi a gaban Sinawa. Ko ɗayansu bai tambayi inda haƙorina ya tafi ba.

Lauyata, wata 'yar China, ta ce kotu shaida take so, hoton rauni ko takardar asibiti. Na buɗe mata wayata. A kowane hoto hannuwana sun sha baƙin lalle har gwiwar hannu. Baiwar Allah sai yaba zanen take yi. Ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashin kowane fure. Duk inda ya murɗe ni jini ya kwanta, nan nake zanawa. Da kaina na binne shaidata, da lallen da kika cusa mini a akwati.

Tun ranar ƙamshin lallen ya hana ni sakat. Ina jin sa a jirgin ƙasa, a kasuwa, inda babu mai ƙunshi ko ɗaya. Sai in ga hannuwanki. Ba biki, ba suna, ba Salla, amma kullum kina cikin lalle, har mata suna miki tsiya da amaryar kullum. Inna, me ke ƙarƙashin naki? Baba ne? Da kika miƙo mini ƙullin nan kika ce zai yi mini amfani, kwalliya kike nufi?

Matan da suka yi miki wanka ba su ce komai ba. Ni kuma ina nan, ban gani ba.

Da Baban Ummi ya sake cafke ni a bakin tasha, ban kwaɓa lalle ba. Na tafi asibiti da shatin yatsunsa a fili, aka ɗauki hoto. Kunya kamar in nutse, wallahi, sai nake jin kina tsaye a bayana. Jiya alƙali ya sa hannu a takardar hana shi kusantarmu. Ban sani ba ko takarda za ta tsayar da shi. Har yanzu ina tafiya ina waiwaye.

Ummi ta ga sauran ƙullin, ta nace sai na yi mata. Na sa mata a tafin hannu da farce. Daga wuyan hannu zuwa sama na bar mata fatarta a fili, yadda kowa zai gani.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ki yafe mini tambayar.

'Yarki,
Binta