Bango Ya Ci Gwajin Likita

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da yaran da kake horarwa. Tunda ka ƙwace wayar kowa a sansanin horon damben, sai na ba direban da ke kai muku kayan abinci wannan takarda.

Yaya, maganar ƙaninka ce. Ina roƙonka ka cire shi daga damben ƙarshen wata. A wurinku shi Bango ne, mai shan naushi bai faɗi ba. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san ba lafiya. Da, shi ke zura mini zare a allurar keken ɗinki in idona ya gaji. Kafin ya tafi ya karɓi zaren, hannunsa na rawa, har ya jiƙe da gumi bai zura ba. Da safe sai ya tambaye ni ko 'yarmu Auta ta tafi makaranta, in amsa, kafin ya shanye shayinsa ya sake tambaya. Mai shagon bakin layinmu har ya ja ni gefe yana tambaya ko maigidana ya fara shaye-shaye, don yadda harshensa ya yi nauyi. Mutumin da ko sigari bai taɓa kai wa baki ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da murfin tukunya ya suɓuce wa Auta a bayansa. Ya juyo da hannu a dunƙule, naushin ya wuce ta saman kanta ya fasa ƙofar kabad. Ya zauna a ƙasa yana kuka. Daga ranar yarinyar ba ta ƙara bi ta bayansa ba.

Tsoro nake ji, Yaya. Kai ka rene shi, maganarka kaɗai yake ji.

Ka huta lafiya.
Matar ƙaninka.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna nan ƙalau, mijinki ma ya fi kowa share kwano. A shafa mini kan Auta.

Na karanta na yi dariya. Yanzu don ƙato ya kasa zura zare sai a ce ya bar sana'arsa? Ni ma ban iya ba, ga ni garau. Mantuwa kuwa gadon gidanmu ce, marigayi Baba sai ya birkita ɗaki yana neman tabarau alhali yana kan hancinsa.

Ki daina yi mana kallon mahauta. A atisaye yana sa hular kariya da robar haƙori, na rage masa kwanakin gwabzawa, tawul kuma yana kafaɗata, in na ga abu ya ɓaci ni zan fara jefa shi cikin fili. Ban da wannan akwai likita. Duk ɗan dambe, ranar da zai karɓi lasisi, ana yi masa gwajin ƙwaƙwalwa: a karanto kalmomi ya maimaita, ya danna maɓalli da zarar fitila ta kama, ya yi tafiya a kan layi. Sai a ajiye sakamakon. Kafin babban wasa a sake yi, a kwatanta da na farko. In ya yi ƙasa, shi da fili sai kallo. Mako mai zuwa za a yi wa mijinki. Na yi miki alkawari, in ya faɗi, ni da kaina zan kawo miki shi har ƙofar ɗaki.

Wannan wasan na kambu ne, ya yi shekaru yana jiransa. Kada ki rubuto masa abin da zai kashe masa jiki.

Allah ya bar zumunci.
Yayanku.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Auta ma tana gaishe ka.

Da na karanta maganar likitan nan, wallahi hankalina ya kwanta, har na koma cin abinci. Sai jiya na kai wa matar Guduma ɗinkinta. Ban san rabonka da gidansu ba, ko da yake shi ne yaronka na farko da ya ci kambu. Na same shi a kujera bakin taga, an ɗaura masa tsumma a wuya saboda miyau, tana ba shi abinci da cokali. Hannun nan da ake tsoro yana kan cinyarsa yana karkarwa, ya kasa tsayar da shi.

Na ba ta labarin gwajin don in nuna mata yanzu an samu ci gaba. Ta yi wata dariya mara daɗin ji. Ta ce mijinta bai taɓa faɗuwa gwajin nan ba, har ranar da aka fitar da shi daga fili a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ta ce kai kake tara yaranka kafin gwajin farko, ka koya musu su zama dolaye: in sun tuna kalma su yi kamar ta ɓace musu, in fitila ta kama su ɗan jinkirta, a kan layi su ɗan yi tangaɗi. Wai don duk dukan da za su sha daga baya, ba za su taɓa yin ƙasa da na farkon ba.

Muna cikin maganar Guduma ya ɗago kai. Da ƙyar na gane abin da yake faɗa.

"A hankali," ya ce. "Koci ya ce a danna a hankali."

Yaya, ka san da wannan ka yi mini alkawari? Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Ka gaya wa likitan gaskiya, ko ka dawo mini da mijina.

Wassalam.
Matar ƙaninka.

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Na ga saƙonki, na kuma ga inda ladabi ya fara ƙaranci, amma na bar shi a matsayin zafin zuciya.

Abin da matar Guduma ta faɗa ba asiri ba ne, dabarar sana'a ce, ni ma haka aka koya mini. In ba a yi haka ba, yaro ya kwana da mura ya je gwaji sai a dakatar da shi, horon shekara ya tashi a banza. Ciwon Guduma kuwa daga Allah ne. In na je na gaya wa likita, lasisin yarana duka za a soke, ba na mijinki kaɗai ba.

An yi gwajin shekaranjiya. Na ja masa kunne kada ya zage ƙarfinsa ya wuce na farko da nisa, likita ya yi zargi. Ya kuwa bi maganata tsaf, sakamako ya fito daidai da na farko, ba ragi ba ƙari. Wanda kansa ya taɓu zai iya auna abu haka? Likita ya sa hannu. Dambe yana nan ranar Asabar, na ajiye miki kujera a gaba in kina so.

Ki gaida gida.
Yayanku.

*

Maman Auta,

Salamu alaikum. Ya gida, ya yarinyata. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ne.

Yaya yana ta murna, yana gaya wa yara su yi koyi da ni. Ya ɗauka na sassauta ne kamar yadda ya ce. Ban sassauta ba. Na so in san gaskiyar kaina, sai na yi iya ƙoƙarina, duk abin da nake da shi na sa. Da likita ya ce daidai yake da na farko, na tuna yadda na riƙa jinkirtawa da gangan wancan lokacin ina danne dariya.

Ba zan hau ranar Asabar ba. Na kasa gaya wa Yaya.

Na ɗaure jakata. Jiya na fita zan je tasha, na tsaya a mararraba na rasa ta ina ake bi, sai wani mai gadi ne ya rako ni sansanin. Ki zo ki ɗauke ni. Kada ki zo da Auta.

Mijinki.