Hajara Ta Ƙi Yin Gulmar Tsohon Cikin Littafi

Laraba da dare, Ogui

Yau ma ni da Hajara, ƙanwar mijina, muka yini a tsakar gida da littafin adabinta. Bara ta faɗi jarrabawar nan, kuma yayanta ya ce in ta sake faɗi ba zancen kwalejin horon malamai.

An ce su bayyana halin tsohon cikin labarin, mutum mai rowa da zafin rai, wanda ya mutu a ƙarshe. Da na karanta abin da ta rubuta, yabo ne zalla, har da "Allah ya jiƙansa."

Na ce, "Hajara, ina rowar tasa?"

Ta ce, "Haba Yaya! Sa'an Baba ne fa, kuma ya rasu. In ci namansa saboda maki?"

Na so in ce ai ƙagagge ne, sai na kasa. Ni da nake kwana ina jin haushin mutanen cikin littattafaina, wane baki gare ni?

Sai na tuna mata lokacin da muka dawo nan Enugu bayan yaƙin basasa, mai gidan nan ba ta ba mu ɗaki ba sai da ta tambayi mutane halinmu. Na ce wanda aka tambaya shaida yake bayarwa, kuma ɓoyewa cin amana ne.

Sai ta rubuta cewa marowaci ne, ta kawo hujja daga labarin, tsaf. Addu'ar dai ta ce ba za ta goge ba. Na bar mata, don ni ma na ce amin.