Baƙar Danja a Hanyar Ribah

Zuwa ga Shugaban direbobin manyan motoci na Zuru,

Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni Danladi ne, ɗan kabu-kabu. Na zo ofishinka har na gaji, kullum a ce ka fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, ka san yadda muke bin hanyar Ribah, amma bari in tuna maka. Tun da hanya ta lalace, ba mai son tafiya shi kaɗai. Mu masu babur mukan lafe a bayan babbar mota. Direbanku yana sama, yana hango ramin da ba mu gani. In ya taka birki danja ta yi ja, sai mu ma mu taka. Da wannan jar fitilar muke ganin hanya, ba da idonmu ba.

Na biyu, wani yayi ya shigo tasharku. Direba zai kwance fitilun baya a ƙofar gidansa, ya goge su, ya feshe su da baƙin fenti na gwangwani, ya bar su su sha iska, ya sake fesawa. Wai gayu ne, a waya suka gani. Mota tana ɗauke da buhunan dawa, bodinta duk tsatsa, ban san wa take yi wa kwalliya ba.

Na uku, abin da ya same ni. Ran kasuwar Ribah da la'asar na ɗauko yayata Laraba, mai sayar da daddawa, muna bin wata motar hatsi. Direban ya taka birki a bakin wani kwalbati. Wallahi ban ga ja ba, ko kaɗan. Sai ƙarfe na gani a gabana. Ni hannuna ne ya karye. Ita ƙugunta ne, har yau tana kwance wajen mai ɗori, sai an juya ta.

Da na samu sauƙi na je na sami direban. Bai yi mini rashin kunya ba. Ya ja ni inuwa, ya sa aka taka birki, ya ce in matso in duba. Gaskiya ne, in ka kai hancinka jikin fitilar za ka ga wani ja-ja kamar garwashi cikin toka. To, wanda ya kai hancinsa can a kan hanya ai ya riga ya mutu.

Ba diyya nake nema ba, na gaji da wannan maganar ma. Roƙona shi ne kada a yi wa mota lodi sai an tsaya a bayanta cikin rana, daga nesa, an ga danjarta. Wadda aka fesa, a wanke fentin ko a sake fitila.

An kwance mini ɗori, kuma ba ni da wata sana'a. Kasuwa mai zuwa zan hau hanya da matar wani ko uwar wani a bayana. Jiya na wuce ta tasha, motar nan tana layi, fitilunta baƙi ƙirin yadda na bar su.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kai direbobinka gida lafiya, ya kai mu da ke bayansu.

Wassalam.
Danladi, Zuru.