Jan Ɗigon Gwaggo Gunvor

Daga: Tuva Rönnbäck, mamba
Zuwa ga: Mai girma Sixten Hedqvist, Shugaban Ƙungiyar Harbi da Ƙaramar Bindiga ta Granträsk
11 ga Satumba, 2023

Game da: Hana Gunvor Rönnbäck amfani da madubin saiti mai jan ɗigo

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto ne a madadin gwaggona Gunvor. Ni ba na iya buɗe baki a taro, ita kuwa idan ta buɗe nata, abin da zai fito ba na takarda ba ne.

1. Kamar yadda ka sani, al'adarmu ce wanda ya zo na ƙarshe a harbin Asabar ya kawo burodin kirfa na shan kofi a mako na gaba. Tun da idon Gwaggo ya daina ganin ƙarfen saitin bindiga, ita ke zuwa ta ƙarshe, ita ke gasawa. Ba ta taɓa gunaguni ba, amma ina ganin yadda take naɗe takardar da ta harba ta cusa a aljihu kafin kowa ya leƙa.

2. A watan Yuni muka shiga neman madubin saiti, irin mai nuna jan ɗigo a inda harsashi zai sauka, wanda fanshonta zai iya ɗauka. Na farko ɗigonsa ya yi mata ƙanƙanta. Na biyu sai an kwance shi kafin a canza batir, saiti ya ɓaci ke nan. Ta zaɓi mai arha, mai babban ɗigo, wanda ya zauna daram a kan bindigarta. Da mai kanti ya nuna mata na masu hali, ce masa ta yi, "Yaro, ba yaƙi za ni ba, takarda nake hudawa."

3. Ranar 26 ga Agusta Gwaggo ta zo ta huɗu. Har rawa ta taka a wurin ajiye motoci. Asabar ta gaba muka sha kofi da busasshen biskit na kanti, wanda sabon na ƙarshe ya kawo.

4. A ranar ce mai kula da filin harbi, Östen Marklund, ya kira madubin "abin wasan yara", ya hana ta ɗora shi. Babu dokar da ta ce haka, kuma samari biyu suna harbi da irinsa mai tsada, ba wanda ya tanka musu. Ina wanke kofuna na ji yana ce wa ma'aji, "In tsohuwar nan ta ci gaba da samu, haƙoranmu sun shiga uku."

Saboda haka ina roƙon alfarma ka ɗage wannan hani kafin gasar shekara ta 30 ga Satumba. Gwaggo ta rantse in babu ɗigonta ba za ta sake taka filin ba, ni kuwa na san Asabar ɗin nan ce kaɗai ke fitar da ita daga gida.

A nata ɓangaren, ta yarda ta koya wa sabon na ƙarshe kwaɓin burodi kyauta. Ladabi ya hana ni faɗin sunansa, sai dai shi ke riƙe da makullin filin harbi.

Taka mai biyayya, cikin matuƙar girmamawa,
Tuva Rönnbäck